Yadda Ake Mayar da Tsoffin Takardu Curin Girki a Sakkwato

Duk ƙarshen zangon karatu, makarantu da ofisoshi da shagunan fotokwafi a Sakkwato sukan fitar da takardu buhu-buhu. Mafi yawansu a bola suke ƙarewa, a cinna masu wuta da yamma, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, zafin ya tafi a banza. A unguwar nan kuma ake sayen itacen girki da aka saro daga daji.

Galibin farar takardar da ake rubutu a kanta a Najeriya daga waje ake shigo da ita, domin manyan masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Ke nan itacen da aka sare don yin littafi yana can wata ƙasa. Wanda ke gabanmu shi ne marke da ƙirya da bagaruwa da ake sarewa don murhu, a jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi saboda kwararowar hamada. Hanyar da tsohuwar takarda za ta fi saurin ceton itacen nan ita ce ta shiga murhu a madadinsa, amma sai an dunƙule ta. Warwas ɗinta balbal take yi ta mutu.

Tantance takardar

Kada a jiƙa takardar da ke da sauran amfani. Ganyen littafin da ba a rubuta komai a kai ba, a cire a ɗinke ya zama na lissafi ko na bashin shago. Wadda aka buga fuska ɗaya, a juya bayanta. Kwali mai kyau kuwa 'yan jari-bola suna saye, kuɗinsa ya fi amfaninsa a wuta.

Abin da ya fi kowane muhimmanci: a zauna a duba ganye-ganye, a ware duk takardar da ke da ayar Alƙur'ani, hadisi ko sunan Allah, har da littattafan Islamiyya, kalanda da katin ɗaurin aure masu Bisimilla. Waɗannan ba sa shiga turmi, ba sa shiga ƙarƙashin tukunya; a tambayi malami yadda za a yi da su. Ba aikin da za a bar wa yara su kaɗai ba ne. In kuma aka ci karo da tsohon rubutun hannu na Larabci ko Ajami a cikin akwatin gado, ba shara ba ne. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai adana irin waɗannan rubuce-rubucen, tana nan cikin gari.

Sai waɗanda hayaƙinsu ke cutarwa: takardar da aka lulluɓe da leda, bangon mujalla mai sheƙi, takardar kabon, da rasit ɗin POS, wanda sinadari ke shafe a jikinsa. A ciccire salatif da ƙusoshin sitefula. Jarida, littafin rubutu, takardar fotokwafi, yagaggen kwali da kiret ɗin ƙwai duk suna yi. Jarida da kiret sun fi saurin narkewa.

Kayan aiki

Ana buƙatar duro ko babbar roba mai murfi, tsohon turmi da taɓarya da aka daina daka abinci da su, da bokitin fenti mai lita 20 don awo. Mazubin kuwa bututun roba ne mai kauri irin na masu aikin famfo, faɗin inci 4, tsawon santimita 30. A huhhuda jikinsa da ƙusa mai zafi, ramuka kamar milimita 3, tazarar yatsa biyu tsakani, ta nan ruwa zai fita. Sai siririn bututu mai faɗin inci 1 da za a tsayar a tsakiya, wanda ya ɗan fi babban tsawo. Kafinta ya yanko faifan katako biyu ko uku da za su shiga babban bututun daidai, kowane da rami a tsakiya, da kuma guntun icen dannawa mai rami. Matsewa ana yin ta da jak ɗin mota a cikin firam da mai walda ya haɗa, ko da dogon azara da aka maƙale kansa a gindin bango ana danna ɗaya kan.

Jiƙo da daka

A yayyaga takardar kamar faɗin yatsa biyu, a zuba a duro, ruwa ya sha kanta. Jarida kwana 2 ya ishe ta. Takardar fotokwafi da kwali sai kwana 4 zuwa 5, ana motsawa da sanda kullum. A rufe duron saboda sauro. Da bazara jiƙon zai fara tsami a kwana na uku. Ba lalacewa ya yi ba.

A tsamo, a ɗan matse, a daka har sai ya koma kamar ƙullu mai kauri, ba a iya karanta ko kalma ɗaya a ciki. Nan ne mafi yawan masu farawa ke yin ha'inci. Takardar ita ce ɗankon da ke riƙe sauran kayan, kuma ba ta ɗauri sai zaruruwanta sun warware sun sarƙe da juna. Rabin daka yana ba da curin da zai yi kyau a ido yana ɗanye, ya bushe ya ɓare falle-falle kamar albasa. Ruwan jiƙon kada a zubar. A mayar da shi duro don zubi na gaba, tunda ruwan garuwa ba kyauta ba ne.

Haɗi

Takarda zalla tana yin curi mai ƙarfi, sai dai toka ta yi yawa, wutar ba ta da kaifi. Awon da ya fi dacewa a fara da shi: bokiti 1 na dakakkiyar takarda, bokiti 2 na garin katako. A samo garin daga masu yanka katako, amma ban da na filawud ko katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, saboda gam da gubar da ke ciki. A jiƙa garin tun daren jiya. In aka zuba shi busasshe zai sha ruwa bayan matsewa, ya kumbura, ya tsaga curin.

Wanda ke kusa da injin casar shinkafa zai iya sa ɓuntu, amma kada ya wuce rabin abin da ake haɗawa da takardar. Ɓuntu yana da santsi, ba ya kama ɗauri, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce. Burbushin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ya fi shi nesa ba kusa ba: rabin bokiti a cikin wannan awon yana ƙara zafi, yana rage hayaƙi.

A cuɗa da hannu, a ƙara ruwa har haɗin ya yi laushi. A dunƙula cikin tafin hannu a matse. In ya tsaya da shatin yatsu a jikinsa, kuma aka girgiza shi bai rabe ba, ya yi. In ya wargaje, a ƙara takarda. In yana tsartuwa ta tsakanin yatsu kamar taɓo, a ƙara garin katako.

Matsewa

A ɗora mazubin a kan katako, siririn bututun a tsakiya. A zuba haɗin zuwa rabi, a sa faifai, a sake zubawa, a sa wani faifan, sannan a danna. Haka ake fitar da biyu a zubi ɗaya. A danna sannu a hankali. Matsi na gaggawa yana feso haɗin ta ramuka, ya bar ruwa a ciki. In ruwa ya koma ɗiga, a riƙe na daƙiƙa 20, a saki, a zare siririn bututun, a turo curin waje. Kaurinsa ya tsaya tsakanin santimita 5 da 7. Wanda ya wuce haka bayansa zai bushe cikinsa na ɗanye.

Ramin tsakiyar nan ta cikinsa iska ke bi lokacin shanya, ta cikinsa kuma harshen wuta ke tashi. Curi marar rami ci yake a hankali yana hayaƙi.

Shanya

A jera a kan raga ko karan dawa da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa kullum. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwana 4 zuwa 6 sun isa. Sai dai ranar farko a bar su a inuwa, domin tsananin rana na busar da fatar waje da wuri ta tsattsage. Da hunturu iska na yin aikin cikin kusan mako guda. Da damina yana iya kai mako biyu a ƙarƙashin rumfa, kuma in iska ba ta ratsawa zai yi funfuna. Gara a tara takardar a jira kaka. A kuma tsare wurin daga awaki, don ba sa ƙyale takarda.

Kafin a kwashe, a fasa guda ɗaya. In cikinsa yana da sanyi a hannu ko ya fi waje duhu, bai yi ba. A adana a buhu a kan duwatsu ko benci, nesa da bango, saboda gara.

A murhu

A fara kunna wuta da ƙirare, ta kama sosai, sannan a sa curi biyu ko uku, ramukansu na fuskantar inda iska ke shiga. Kada a kunna da leda. Murhu mai raga a ƙasa ya fi dacewa, don tokar tana da yawa, in ba ta zube ba sai ta shaƙe wutar. Farin hayaƙi mai kauri alamar danshi ce ko cunkoso. A rage ɗaya, a buɗe wa iska hanya.

Curin takarda bai kai ƙirya daɗewa ba. Yana isa ga koko, shayi, ɗumame, taliya da ruwan wanka. Girki mai jan lokaci kamar wake ko ganda, a haɗa shi da ice ɗaya, ana ƙara curi duk lokacin da na ciki ya zama garwashi. Saboda tawadar da ke jikin takarda, kada a gasa nama ko masara kai tsaye a kansa. A tsakar gida ko kicin mai taga ake hura shi, kuma ko sanyin Janairu ya kai yaya, ba a shiga da shi ɗakin kwana a rufe ƙofa.