Darasi na Tara: Zaɓen Bulon Wasa don Yara a Gida

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ko Rigasa a Kaduna ya san yadda yara kan kwaɓa laka da damina su gina ɗaki, ko su fere karan dawa su ƙera mota. Bulon wasa na roba, wanda ake samu a shagunan Titin Ahmadu Bello da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wannan tsohon wasan ne ya sake riga. Kowane ɗan bulo yana da 'yan kawuna zagayayyu a sama da rami a ƙasa, idan aka danna ɗaya bisa ɗaya sai su kama juna ba tare da gam ba.

Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin LEGO, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932. A 1958 aka yi rajistar siffar bulon da ake amfani da ita har yau, saboda haka tsohon bulon da uwa ta tsinta cikin kayan gwanjo a Kasuwar Barci zai shiga cikin sabo ba gardama. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin sabo a kwali yana da tsada.

Kafin a duba launi ko farashi, a fara duba shekarun autan gida, ba na yaron da za a saya wa ba. A gidajenmu babu kayan wasan da ke zama na yaro ɗaya: abin da aka saya wa ɗan shekara bakwai, kafin la'asar yana hannun ƙanwarsa mai rarrafe, daga hannunta kuwa sai baki. Idan aka ga jan da'ira a jikin kwali, da fuskar jariri da lambar 0-3 an ratsa su da layi, ma'anarsa akwai ƙananan guntaye da za su iya maƙale wa yaron da bai kai shekara 3 ba a maƙogwaro. Ga irin waɗannan yara aka fito da manyan bulo masu suna Duplo a 1969, waɗanda suka ninka na yau da kullum sau biyu a tsawo da faɗi da kauri. Akwai gwaji mai sauƙi: duk guntun da ya wuce ta cikin kwalin da ake naɗe tishu a kai, a nisanta shi da ƙaramin yaro.

Wasu kamfanoni ma suna yin bulo mai araha, kuma ba duka ne marasa kyau ba. A roƙi mai shago ya bari a haɗa guda biyu, a girgiza su, sannan a raba. Idan suka zube da kansu, ko sai an sa haƙori kafin su rabu, ko gefensu na da kaifi, ko robar na warin sinadari, a ajiye.

A ganina bokitin bulo barkatai ya fi kwalin da aka tsara don gina abu ɗaya, domin na biyun da zarar an gama motar da ke jikin hoton, sau da yawa sai ta koma ado a saman kabet. Bulo shida kacal masu kawuna takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi fiye da miliyan 915, don haka ba yawan kaya ake bukata ba. A shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, uba ko uwa su zauna, a ce yau gadar Kawo za a gina. Idan ta rushe, kada babba ya karɓe aikin, ya tambayi yaron, “Me kake gani ya kayar da ita?” Nan zai gano da kansa cewa sai an saɓa layin bulo, kamar yadda magina ke yi, bango yake tsayawa.

Ƙurar hunturu na shiga ramukan, saboda haka a riƙa wanke bulon da ruwa mai ɗumi da 'yar sabulu, a shanya a inuwa, a adana a roba mai murfi.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya nemi kwalin kayan wasa ɗaya, ya kwafo lambar shekarun da ke jikinsa, ya zo ya karanta mana ita a aji ranar Asabar.