Masu Ubuntu a jami'o'in Katsina, ga yadda ake shiga wayales na makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan wayales ɗin irin mai neman sunan ɗalibi da kalmar sirri ne, ku buɗe saitin Wi-Fi, a wajen tsaro ku zaɓi WPA & WPA2 Enterprise. Nan mutane suka fi tuntuɓe: a wajen Authentication, wato hanyar tantance mai shiga, Ubuntu kan nuna TTLS da farko, alhali makarantu da yawa PEAP suke amfani da shi, a wajen Inner authentication kuma MSCHAPv2. Ku tabbatar a ofishin ICT.

A can ne kuma za ku karɓi fayil ɗin shaidar CA, wanda ke tabbatar wa kwamfutarku cewa wayales ɗin na makarantar ne da gaske. Don Allah kada ku tsallake shi, domin wani na iya kafa wayales na bogi mai suna iri ɗaya ya kwashe kalmar sirrinku.

In ya ƙi haɗuwa, ku duba agogon kwamfutar. Kwanan wata na kuskure yana sa a ƙi shaidar.

In wayales bai bayyana ba sam, ku buɗe Terminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta rfkill list. Ya nuna an toshe, sai rfkill unblock wifi. Masu katin wayales na kamfanin Broadcom su jona wayar salula da kwamfutar ta kebul don samun intanet, su sauke direbansa, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, daga Additional Drivers.