Babi na Tara: Idan Intanet Ɗin Gida Yana Ɗaukewa Yana Dawowa

Kana tsakiyar hira da ɗanka da ke nesa, kana ganin fuskarsa a waya, sai hoton ya daskare. Ka yi ta cewa "kana ji na?", shiru. Bayan minti biyu komai ya dawo kamar ba a yi ba. Da dare kuma a sake. Irin wannan ɗaukewar ta fi mutuwar intanet gaba ɗaya cin rai, domin ranar da ka kira mai gyara, ranar ce abin zai wuni yana aiki lafiya lau. Mutane da yawa sukan gaji su sayi sabuwar rauta, alhali tsohuwar ba ta da laifin komai. Wannan asarar tana damuna, shi ya sa na ware mata babi guda.

Rauta ita ce ɗan akwatin nan mai 'yan fitilu da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. Tsakanin hanyoyi biyu take. Ta farko daga kamfanin intanet take zuwa gare ta, ko ta kebul, ko ta zaren faiba, ko ta layin sim da aka sa mata a ciki. Ta biyu daga ita zuwa wayarka ce, ta iska, wato waifai. Kowacce ta tsinke, abu ɗaya za ka gani: intanet ya tsaya. Amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Don haka kafin ka taɓa komai, sai ka gano inda igiyar ke tsinkewa.

Kai kaɗai ne, ko kowa da kowa?

Da zarar ya ɗauke, tambayi mutanen gida: "Ku ma ya ɗauke muku?" Idan kai kaɗai ne, ƙyale rauta, wayarka za ka bincika. Kashe waifai ɗinta ka kunna. In bai yi ba, goge sunan waifai ɗin daga cikinta, ka sake shigar da kalmar sirri. Duba kuma ko ka kunna tsarin tanadin batir, domin a wasu wayoyi yakan yanke intanet idan fuskar waya ta yi duhu.

Idan kuwa kowa ne, tashi nan take ka je gaban rauta. Kada ka bari sai ya dawo, domin a lokacin da abin ke faruwa ne kawai fitilu za su nuna maka gaskiya.

Koyi karanta fitilu

A ƙarƙashin kowace fitila akwai rubutu ko zane. Ta wuta an rubuta POWER ko PWR. Ta hanyar kamfani an rubuta INTERNET ko WAN, ko a zana ƙwallon duniya. Ta waifai an rubuta WLAN ko Wi-Fi. Masu faiba za su ga ƙarin biyu, PON da LOS, masu nuna halin da layin faiba yake ciki. Yau, tun intanet yana lafiya, ɗauki hoton fitilun da wayarka. Wanda bai san kamanninsu a lokacin lafiya ba, ba zai gane lokacin ciwo ba.

Idan ka tarar fitilu sun mutu duka, sannan suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, rautar ce ta mutu ta farfaɗo da kanta. A nan nake so mu daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure.

Fara da adafta, wato cajar da ke ba rauta wuta. Ba wanda ke zarginta, amma ita ma tana tsufa. Idan ta gaji, takan iya riƙe rauta lokacin da ba a aiki sosai, amma da zarar mutum uku ko huɗu sun hau kallon bidiyo, rauta ta nemi ƙarin wuta, sai adafta ta gaza, komai ya mutu ya sake tashi. Taɓa bakinta a hankali inda ya shiga bayan rauta. Idan fitilu suka ƙifta, ka kama ɓarawon. Yi haka ma a wajen soket. Idan an jona rauta a soket ɗaya da firji ko dutsen guga, raba su, domin duk sa'ad da waɗannan suka ja wuta da ƙarfi, wutar takan yi ƙasa na ɗan lokaci, kuma wannan ya isa ya kashe rauta.

In za ka canza adafta, karanta rubutun jikin tsohuwar da na ƙasan rauta. Za ka ga lamba da harafin V, sau da yawa 12V, da wata lamba da harafin A, kamar 1A ko 1.5A. Lambar V dole ta zama daidai, ba ƙari ba ragi. Lambar A kuwa za ta iya fin ta da, amma kada ta gaza ta. Kada ka jona kowace caja don kawai bakinta ya shiga ramin. Haka ake ƙona rauta mai lafiya.

Sai zafi. Ɗora hannunka a kanta. Ɗumi ba komai ba ne, amma idan ba ka iya barin hannun ya daɗe, ta yi zafi da yawa. 'Yan hudojin jikinta na shan iska ne. Kada a rufe ta da ƙyalle don kare ƙura, kada a ɗora ta kan talabijin, kada a kulle ta a durowa ko a bar ta inda rana ke dukanta. Cire ta daga wuta, ka kaɗe ƙurar da busasshen buroshi.

Idan fitilu suna nan daram amma waya ta rasa waifai

To, matsalar tsakanin rauta da wayarka take. Bangon kankare, ƙofar ƙarfe, madubi da tankin ruwa duk suna rage ƙarfin waifai. Ajiye rauta a tsakiyar gida, a sama, a fili, eriyoyinta a tsaye.

Yawancin rautocin yanzu suna watsa waifai iri biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Na 2.4 ya fi kai wa nesa da ratsa bango, sai dai hanyarsa cunkushe take: rautocin maƙwabta suna kanta, Bluetooth yana kanta, har na'urar ɗumama abinci ta maikurowef takan dagula ta idan an kunna. Na 5 ya fi gudu, cunkosonsa kaɗan ne, amma ba ya nisa. Idan ɗakinka yana kusa da rauta, zaɓi na 5. Idan da bango biyu ko uku a tsakani, zauna kan 2.4. Wani lokaci za ka ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan waifai. Ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Wanda hannunsa ya faɗa zai iya canza tashar 2.4, wato ɗan layin da waifai ɗin yake bi a cikin wannan hanyar. Juya rauta, a ƙasanta akwai adireshi, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Rubuta shi a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ka shiga da suna da kalmar sirrin da ke rubuce a ƙasan rautar. Gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, domin su ukun ne ba sa hawa kan juna. A shafin kuma za ka ga jerin duk na'urorin da ke kan intanet ɗinka. In ka ga baƙuwa, canza kalmar sirri.

Ga gwaji mai raba gardama: jona kwamfuta da rauta ta kebul, ka yi aiki da ita yini guda. Idan wayoyi suna ɗaukewa ita ba ta ɗauke ba, waifai ne.

Idan fitilar INTERNET ce ta mutu ko ta koma ja

Hanyar kamfani ce ta tsinke. Abin da ke hannunka a nan kaɗan ne. Zare kebul ɗin da ke shigowa, ka mayar har ka ji ya yi ƙas. Bi shi da ido ko ƙofa ta datse shi ko ɓera ya ci. Zaren faiba na gilashi ne, ba ya son lanƙwasa. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa leƙa bakinsa, hasken cikinsa ba ya ganuwa amma yana iya lahanta ido. Idan LOS ta yi ja, haske ba ya isowa ke nan, aikin kamfani ne. Mai rautar sim ya matsar da ita kusa da taga, ya kuma tabbatar datarsa ba ta ƙare ba.

Akwai wani ɗan rami a bayan rauta da aka rubuta RESET. Kada ka soka masa tsinke. Ba kashewa da kunnawa yake yi ba, goge duk saitin rauta yake yi, har da wanda kamfani ya sa, ka wayi gari ba intanet sam. In kana son ta huta, zare ta daga wuta, ƙirga talatin, ka mayar. Idan kuma kana sabunta manhajar cikinta, kada ka zare wuta sai ta gama.

Littafi da biro

Ajiye ɗan littafi kusa da rauta. Duk lokacin da ya ɗauke, rubuta rana, ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, da fitilar da ta canza. Misali: Talata, 8:40 na dare, minti 3, INTERNET ta yi ja. Cikin mako guda za ka fara ganin salon abin: ko da dare ne kullum, ko lokacin ruwan sama, ko sa'ad da aka kunna wata na'ura. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka jira kwana biyu. Wanda ya canza adafta da wuri da tasha a rana ɗaya, ko an dace, bai san wanne ya yi magani ba.

Da littafin nan a hannu za ka kira kamfani. Maimakon "intanet ɗina ba ya yi", sai ka ce: "Malam, barka da aiki. Kwana biyar ke nan yana ɗaukewa tsakanin takwas da goma na dare. Rauta ba ta mutuwa, fitilar INTERNET ce ke komawa ja. Na gwada da kebul, duk ɗaya. Don Allah a duba layina." Nemi lambar ƙorafinka, ka rubuta ta a littafin tare da ranar da ka kira.

Aikin gida

Kwafi rubutun da ke ƙarƙashin kowace fitila a rautarka, da lambar V da ta A na jikin adafta. Ja layi huɗu a littafinka: rana, lokaci, minti, fitila. Cika shi har kwana bakwai, ka zo da shi aji. Wanda ba shi da rauta a gida ya haɗu da wanda yake da ita, su yi tare.