Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin kundin halittar ƙwayoyin cutar gudawa, da yadda za a gyara su

Da zarar damina ta kankama, Gulbin Maradi ya kawo ruwa, sai ɗakunan yara a asibitocin Maradi da Madarunfa da Gidan Rumji su cika da masu zawo. Daga cikin ƙwayoyin cutar da ke haddasa wannan akwai nau'in E. coli mai fitar da guba a hanji, wanda ma'aikatan ɗakin awo suke kira ETEC, akwai Shigella, akwai kuma Vibrio cholerae, ƙwayar kwalara, wadda ta yi mana ɓarna a 2018 da 2021. A yanzu ɗalibai da ma'aikatan awo da dama suna son su karanta kundin halittar waɗannan ƙwayoyin gaba ɗaya, wato jerin haruffan DNA da ke cikinsu, kuma ina farin ciki da hakan. Sai dai abin da na lura shi ne, yawancin kurakuran da ke lalata aikin suna faruwa ne tun kafin samfur ya isa na'urar karanta DNA, ko kuma bayan sakamako ya fito, a wajen fassara shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki ɗigo ɗaya tak, wato tarin ƙwayoyin da suka tsiro wuri ɗaya, daga farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai, a ce an kama mai laifi. Kusan kowane mutum mai lafiya yana ɗauke da E. coli a hanjinsa, kuma idan aka shuka bayan gida a kan farantin MacConkey, mai guba da marar guba duk ɗigo mai launin hoda suke fitarwa, ido ba ya iya raba su. Wanda ya tsinci ɗigo ɗaya ya aika da shi, sau da yawa kuɗinsa yakan ƙare ne a kan ƙwayar da ba ta da hannu a ciwon yaron. Gyaran shi ne a tsinci ɗigo uku zuwa biyar daga kowane faranti, a fara tace su da gwajin PCR, mai gano wani sashe na DNA, don neman ƙwayoyin halittar guba, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin yin gubar, sannan a aika da wanda ya nuna alama kawai.

Abin da ya fi wannan wahalar ganewa shi ne inda gubar take zaune. ETEC tana da guba iri biyu: LT, wadda zafi yake lalatawa kuma ta yi kama sosai da gubar kwalara, da ST, wadda take jure zafi. Umarnin yin waɗannan gubobin yana kan filasmid ne, wani ɗan zoben DNA da ke zaman kansa a gefen babban kundin ƙwayar, kuma ƙwaya tana iya yar da shi kamar yadda ta tsince shi. Na taɓa aiki a wani ɗakin awo inda muka adana samfura a firiji, wuta ta yi ta ɗaukewa cikin zafin watan Afrilu, sai muka riƙa sake shuka ƙwayoyin daga faranti zuwa faranti don kada su mutu. Da muka sake gwada su bayan makonni, wasu daga cikin waɗanda suka nuna ST a farko ba su ƙara nunawa ba. Na daɗe ina zargin sinadaran gwaji kafin na gane cewa filasmid ɗin ne ya zube a hanya, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin iyaye mata ne suka amince suka ba mu waɗannan samfura a lokacin da hankalinsu yake tashe. Ya kamata a daskarar da ƙwayar cikin gilisarin tun daga shukar farko, a tsamo DNA da wuri, a kuma rage yawan sake shuka iya iyawa. Idan daga ƙauye za a kawo samfur, a saka shi cikin sinadarin Cary-Blair, a ɗauko shi cikin akwatin sanyi, kada a bar shi ya wuni a bayan babur.

Ko da samfur ya isa lafiya, kwamfuta ma tana iya ɓatar da gubar. Na'urorin Illumina suna karanta DNA ne gutsure-gutsure, haruffa 150 zuwa 300 a lokaci guda, sannan manhaja ta ɗinke gutsattsarin. Ƙwayar halittar ST kuwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai haruffa 250 ba, kuma sau da yawa tana zaune tsakanin sassan da suke maimaita kansu, waɗanda suke rikita ɗinkin. Sakamakon haka takan faɗa cikin wani ɗan guntu, mai nazari kuma, da niyyar tsaftace aikinsa, ya umarci manhaja ta zubar da duk guntun da bai kai haruffa 500 ba, ya zubar da amsarsa da hannunsa, ya rubuta cewa ƙwayar ba ta da guba. Kafin a yanke wannan hukunci, a koma ga ɗanyen karatun na'ura a nemi ƙwayar halittar a can, a kuma gwama da abin da PCR ya nuna tun farko. Inda hali ya yi, a haɗa da na'urar MinION mai karanta dogon zare, domin ita ce take iya fito da filasmid a dunƙule. Haka nan a duba jimillar girman kundin: na E. coli yakan kasance tsakanin haruffa miliyan 4.5 da miliyan 5.5 ko ɗan sama da haka, don haka idan aka ga miliyan 9, ƙwayoyi biyu ne suka cakuɗe, sai a sake tsarkake shukar.

Akwai kuma masu dogaro da suna. Idan manhaja ta ce E. coli, sai su ɗauka magana ta ƙare, alhali Shigella da E. coli dangi ne na kusa ƙwarai, har ƙwayar halittar ipaH da ake neman Shigella da ita tana nan a wani nau'in E. coli mai kutsawa cikin bangon hanji. Annobar Jamus ta 2011 ta isa misali. Ƙwayar E. coli mai lamba O104:H4 da ta kashe mutum fiye da 50 asalinta nau'i ne mai mannewa a hanji, sai ta samu wata guba mai suna Shiga daga wani bairos da ya shige ta, ta zama abin da ba a saba gani ba. Da farko an ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, daga baya bincike ya kai ga tsiron hulba da aka shigo da irinta daga Masar. A rahoto, a lissafa ƙwayoyin halittar da aka gani ɗaya bayan ɗaya, har da na abubuwan mannewa irin su CFA/I da CS6, domin masu neman allurar rigakafin ETEC su suke bukatar sani.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ga ƙwayar halittar guba a ce ita ce sanadin ciwon. Babban binciken GEMS da aka wallafa a 2013, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Mali da Gambiya, ya gwama yara masu gudawa da takwarorinsu masu lafiya, ya nuna cewa ETEC mai ST tana cikin manyan sanadai tare da rotabairos da Cryptosporidium da Shigella, amma mai LT kaɗai ana samunta da yawa a jikin yaran da lafiyarsu lau. Yaro ɗaya a Ɗan Isa yana iya ɗauke da ƙwayoyi biyu ko uku a lokaci guda. Wanda bai ɗauki samfurin yara masu lafiya daga unguwa ɗaya da shekaru ɗaya ba, abin da zai iya faɗa shi ne ya ga ƙwayar, iyakarsa ke nan.

Haka batun bin sawu yake. Idan ƙwayoyi biyu suka yi kama a bishiyar dangantaka, wasu sukan yi gaggawar cewa cutar daga Jibiya ta shigo, ko daga nan ta tafi can. Gaskiya ne cewa nazarin kundin halitta ya taimaka wajen danganta kwalarar Haiti ta 2010 da Nepal, amma sai da aka haɗa shi da tarihin zirga-zirgar mutane da lokacin da cutar ta ɓulla. Tsakanin Maradi da Katsina kuwa mutane suna kai da komo kullum, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya, kuma samfura goma ba za su nuna alkiblar da ƙwaya ta bi ba. Don haka kowane samfur ya zo da ranar ɗauka, da gari, da shekarun yaro, da irin ruwan da gidan yake sha, da ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗauka, amma da lamba a madadin sunansa.

Game da jure magani, ganin ƙwayar halittar juriya a kwamfuta bai wadatar ba sai an tabbatar da ita a faranti, domin wata tana nan amma ba ta aiki, wata juriyar kuma tana zuwa ta hanyar da rumbun bayanan da manhajar take dogaro da shi bai sani ba. Kuma kada ma'aikacin jinya ya jira wannan sakamako, wanda yakan ɗauki makonni idan samfurin sai ya je Yamai ko ƙetare, kafin ya taimaki yaron da ke gabansa. Ruwan gishiri da sukari, tare da zinki na kwana 10 zuwa 14, shi ake farawa da shi nan take, idan kuma akwai jini a bayan gidan ko idanun yaron sun faɗa, a kai shi gaban likita a ranar.