Filastar barin sigari, ga masu niyya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu son barin taba, akwai filastar nikotin (sinadarin da ke sa kwaɗayin taba) da ake mannawa a fata, tana sakin nikotin a hankali cikin jini sai kwaɗayin ya lafa, babu hayaƙin da ke cin huhu. Ku fara zuwa likita ko ƙaramin asibitin unguwarku (CSI) a duba ku, musamman mai ciki da mai ciwon zuciya.

Wanda ke shan sama da kara 10 a yini galibi da mai 21mg ake fara mishi sati 6, sai 14mg sati 2, sai 7mg sati 2, kar ka ce ka ji sauƙi ka yar da ita a sati na farko, nan ne mutane ke komawa ruwa.

Kowace safiya sabuwa, a damtse ko ƙirji inda ba gashi, ka riƙa canza waje saboda ƙaiƙayi. Zafin Yamai kuwa kun san shi, zufa na ɓamɓare ta, ka busar da fatar sosai kar ka shafa mai, ka danne da tafin hannu. In mafarkai sun dame ka cire ta da dare. Tsohuwar a ninke a jefar nesa da yara.

Wahalar dai tana a fada, wurin hira, lokacin shayi, in abokai sun kunna sigari, tashi ka ba su wuri.