Zaɓen hanyar bincike a makarantun karkara

Ɗalibin NCE a Gumel ko Kumbotso, da an ce ya fara furojet, wato binciken kammala karatu, sai ya garzaya ya buga kwafi ɗari na takardar tambayoyi. Dakata tukuna. Rubuta tambayar bincikenka a jimla ɗaya, ita za ta nuna maka hanyar da za ka bi.

In tambayar "nawa" ce, misali 'yan mata nawa ke barin firamare tsakanin aji 4 da aji 6, ƙidaya kake bukata. Ɗauko rajistar shekara uku, amma kada ka dogara da ita kaɗai, don akwai malaman da ke cike ta da ka a ƙarshen mako. Je ka ƙirga yaran da idonka sau biyu, ɗaya ya faɗo ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari. Yawan waɗanda za ka tambaya kuwa, jadawalin da masana bincike Krejcie da Morgan suka fitar a 1970 ya ce cikin mutum 100 a ɗauki 80, cikin 500 a ɗauki 217.

In "me ya sa" ce, takarda ba za ta fisshe ka ba. Iyaye da dama ajami suke karantawa ba boko ba, sai a miƙa wa wani ɗan sakandare ya cike ashirin, su dawo maka da rubutun hannu iri ɗaya. Hira za ka yi: iyaye 12 zuwa 15, kowa rabin awa, ka naɗa a waya bayan sun amince. Gidan da ba a shiga, nemi malama ta tattauna da uwayen, su suka san lissafin talla. Kada hedimasta ko mai unguwa ya zauna a wurin, in ba haka ba "lafiya lau" kawai za ka ji.

In kuma wata dabarar koyarwa za ka gwada, ɗauki aji biyu masu kama da juna, ka yi musu gwaji, ka koyar da ɗaya da dabarar mako shida, sannan ka sake gwada su duka. Zango na biyu ya fi, domin a na farko girbi kan kwashe yara zuwa gona.

Ko wacce ka zaɓa, kai wasiƙar kwaleji ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, ka gaida dagaci, sannan ka fara jarraba tambayoyinka a kan mutum goma a wani ƙauye dabam.