Allurar rigakafi ga mai dashen ƙoda: yadda nake bi da ita

Shekarata biyar ke nan da ƙodar ƙanena a jikina. Takwas na safe da takwas na dare sai na haɗiyi tacrolimus da mycophenolate, ga prednisolone bayan karin kumallo. Aikinsu su danne garkuwar jikina kada ta far wa baƙuwar ƙodar. To, garkuwar da aka sa wa takunkumi ko rigakafi aka yi mata ba ta cika amsawa ba. Katinka ya cika da hatimi, jininka kuwa fayau.

Saboda haka in har yanzu kana wankin ƙoda, yi alluranka tun yanzu. Masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, irin na ƙyanda, ƙarambau da shawara, a gama su aƙalla mako 4 kafin aiki, domin bayan dashe an rufe ƙofarsu. Sauran kuma a ba su mako 2.

Ta ciwon hanta nau'in B ita ta fi ba ni wahala. Na yi zagayen farko, bayan wata biyu likita ta ce a ɗibi jini a auna sinadaran kariyar da jiki ya samar, gwajin da suke rubutawa anti-HBs. Ana son ya kai 10. Nawa bai kai ba. Na ce, "Likita, ko allurar jabu ce?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, allura lafiyarta ƙalau, jikinka ne bai ji kira ba." Aka sake sabon zagaye da ninkin ƙarfi, sannan ya haura. Kai ma ka nemi wannan gwajin da bakinka, kada ka jira a tuna maka.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2021 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna masu dashe 658 bayan allurar korona ta biyu, kashi 54 cikin 100 kawai aka ga kariya a jininsu, kuma masu shan mycophenolate sun fi ƙarancin amsawa. A wani binciken da aka yi a birnin Tulus na Faransa, allura ta uku ta ɗaga adadin masu kariya daga kashi 40 zuwa 68. Amma don Allah kada wannan ya sa ka rage magani da kanka wai don allura ta kama. Asarar ƙoda za ka yi.

Bayan dashe yawanci ana jiran wata 3 zuwa 6 kafin a ci gaba da alluran da ba su da ƙwaya mai rai, kamar na mura, nimoniya da sanƙarau.

Mutanen gida su yi nasu, kariyarka ce. Sai dai ɗigon shan inna mai rai ne, yana fita a bayan gidan yaro har makonni. Da aka ɗiga wa autarmu, na bar wa uwarta wankin kashi da sauya nafkin, sabulu kuma bai bar bakin buta ba.

In Hajji ko Umara ka nufa, ta sanƙarau babu matsala, ta shan inna ka ce ta allura kake so ba ɗigo ba. Ta shawara kuwa kada ka miƙa damtse. Karɓi takardar uzuri daga likitanka tun kafin a fara tantance maniyyata.